GARGAƊI: mai musayar tayoyin Land Cruiser a Garwa, ya ci mini jaka 175

Jama'a, wallahi kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba. Hilux ɗina tana ƙofar gida a kan bulo huɗu kamar mushe, duk wanda ya wuce sai ya tsaya ya yi mini jaje. Jaka 175 na sefa. 175,000. Ga ƙafafun motata huɗu, taya da janti, duk ya tafi da su.

Kafin wani ya ce na yi sakaci, shekarata 19 da sitiyari a hannu. Masara da gyaɗa nake ɗaukowa daga ƙauyukan bayan Pitowa da hanyar Poli, kuma duk wanda ya san hanyoyin nan da damina ya san tayar kwalta ba ta kai mutum ko'ina. Tayoyina 265/65 R17 ne, wata takwas da saye, lafiyarsu ƙalau, laka ce kawai ba sa iyawa. Shi ya sa da na ga tallarsa a wani zauren WhatsApp na direbobi, wai yana da tayoyin laka masu manyan haƙora da jantinsu, an cire daga Land Cruiser, yana son musaya da ciko, ban ga abin zargi ba. Ana yi kullum.

Abin da ke cin raina shi ne na gwada. Na gwada! Ya zo da guda ɗaya ranar Talata, a'a, Litinin ce, don ranar Lahadi ina kasuwar Pitowa. Na ƙirga ramukan noti da yatsana, shida. Muka ɗaga motar da jak, muka ɗaura, ta zauna daram, na juya sitiyari har ƙarshe ba ta goga ko'ina ba. Ya dafa kafaɗata ya ce, “Yayana, ai Toyota duk uwarsu ɗaya ubansu ɗaya.” Na yi dariya. Ni da bakina na yi dariya. Aka kira la'asar muka yi sahu ɗaya, ni na miƙa masa buta. Wannan butar ita nake ta gani in na rufe ido.

Kuɗin ma ba a lokaci ɗaya na ba shi ba. Jaka 75 ta waya tun kafin ya zo, wai na kamun kaya don akwai wani mutumin Marwa da ke so. Jaka 100 a hannu. Ina da hoton saƙon turawar, ina da muryarsa da ya aiko yana rantsuwa, zan sa su a ƙasa in ɗana ya dawo ya nuna mini yadda ake rufe lambobin mutane.

Sauran ukun bai kawo ba sai bayan magariba, a bayan babur mai ƙafa uku, kowace an ɗaure bakinta da buhu wai kada jantin ya karce. Yaransa biyu suka kwance nawa cikin minti kaɗan, hannunsu ya saba, suka loda. Har da wadda muka gwada suka ɗauka, wai iska tana fita ta bakin bawul, za a gyara a dawo da ita tare da notocin da suka dace. Ya ce minti ashirin. Ina tsaye da tocilan waya ina haska musu. Ni na haska musu!

Da na gaji da jira na yage buhun farko. Rami biyar. Na biyu, biyar. Na uku, biyar. Na sake ƙirgawa kamar wanda bai je makaranta ba.

Bakanikena da ya zo da safe bai ce komai ba da farko, sai ya zauna a kan bulo ya riƙe haɓa. Shi ya fayyace mini: Hilux da Prado da tsohuwar Land Cruiser 80 rami shida ne, 6x139.7. Land Cruiser 100 da 79 ɗin nan ta daji rami biyar ne, 5x150, ko sama da ƙasa za su haɗu ba za ta shiga Hilux ba. Wato ta gwajin daban ce, ita ce tarkonsa, da ita yake yawo. Kuma na san Land Cruiser kala-kala ce, na sani, amma abin da ka ɗaura da hannunka ya zauna, me kuma za ka tambaya?

Sai ya sa farce a cikin haƙoran tayar ya ce, “Alhaji, duba nan.” An sassaƙe su ne da wuƙa mai zafi, har waya ta fara leƙowa a gindin wani layi, aka shafe da baƙin mai suna ƙyalli. Lambobi huɗun ƙarshe na jikin tayar, bayan rubutun DOT, 2314. Mako na 23, shekarar 2014. Taya irin wannan a zafin Garwa na watan Afrilu, da buhu goma sha a baya, ko Figil ba za ta kai ba. Ko da ramukan sun dace, kabarina na saya da jaka 175.

Wayarsa a kashe tun daren. Wanda ya sa shi a zauren ya ce shi ma a tasha ya san shi. Na kai ƙara, an rubuta. Matata ba ta ce uffan ba, wannan ya fi mini zagi ciwo.

Ku buɗe kowane buhu, ku ƙirga ramin kowace ƙafa, ku karanta shekara, kada a kwance muku taya sai da rana a gaban bakanikenku. Kada ku tura kuɗin kamu.

Dogo ne, siriri, yana ɗan ɗingishi da ƙafar hagu, yana jin Fulatanci da Faransanci. Tayata ta baya ta dama tana da faci biyu kusa da juna, jantin kuma akwai ɗigon jan fenti kusa da bawul, ni na sa. Wanda aka kawo wa ita a Garwa, Gidar ko Marwa, don Allah ya yi mini magana. Jaka 175, jama'a, kuɗin takin bana ne.