FLTK 1.4: na harhaɗa shi da hannuna, ga abin da na tarar

Duk mai rubuta C++ a kan tsohuwar kwamfuta, yana neman laburare (tarin kod da aka riga aka rubuta) da zai yi wa manhajarsa fuska, wato taga da maɓallai da gurbin rubutu, to ya gwada FLTK kafin ya je ya ƙona datarsa a wani wurin. Na fara da wannan ne saboda can gaba zan yi ƙorafi, kuma ƙorafin ba ƙarami ba ne.

Aikin da ya kai ni gare shi ƙarami ne. Yayana yana da shagon kayan masarufi, yana son 'yar manhajar da zai riƙa shigar da kayan da suka shigo, da waɗanda suka fita, da sunayen masu bashi. Kwamfutar shagon tsohuwa ce mai Windows. Tawa kuma laftof ce mai RAM giga 4, da Linux Mint 22 a kai. Kafin FLTK na fara ne da wani babban laburare da kowa yake yabo. Saukewa kaɗai ta lashe min data mai yawa. Da na saka shi harhaɗawa kuwa, wato mayar da kod ɗinsa abin da kwamfuta za ta iya aiki da shi, fankar laftof ta dinga ihu, awa bayan awa, can sai RAM ta cika, tsarin ya kashe aikin, ya bar min layin nan da duk mai ƙaramar na'ura ya sani: "Killed signal terminated program cc1plus". Na rage ayyukan da ke tafiya a lokaci guda zuwa ɗaya, na sake tayarwa, aka ɗauke wuta, batir ya mutu ana tsaka da tafiya. Raina ya ɓaci matuƙa, don ni taga ɗaya da teburin lissafi nake nema, ba masana'anta ba.

Da wannan ɓacin ran na zo wa FLTK. Akwai shi a rumbun manhajojin Mint, amma tsohon zubi ne, 1.3, saboda Mint 22 an gina shi ne kan Ubuntu 24.04 da ya fito a Afrilun 2024, shi kuwa FLTK 1.4.0 sai a Nuwamban 2024 ya fito. Ni kuma sabon nake so, don haka dole in ɗauko tushen kod ɗin in harhaɗa da kaina. Fayil ɗin 'yan megabayit ne kawai, kafin in gyara zama ya sauka. Na warware shi, na buɗe folda mai suna build, na kira cmake mai tsara aikin harhaɗawa, sannan make mai aiwatar da shi. Na riga na shirya wa dogon dare: na jona caja, na rufe burauza da duk abin da zai ci RAM, na tashi na yi alwala na tafi sallar isha'i.

Da na dawo daga masallaci sai na tarar taminal shiru, fanka shiru. Gabana ya faɗi, na ce shi ke nan, wannan ma ya mutu a hanya. Na dinga jan allo sama ina neman jan layin kuskure, babu. Layin ƙarshe 100% ne. Ban yarda ba, sai da na leƙa foldar lib na ga libfltk.a a zaune, na leƙa bin na ga fluid, manhajarsa ta zana fuska, ga kuma tarin manhajojin gwaji a ƙarƙashin test. Ashe ba laburaren kaɗai ya gama ba, har da duk misalansa. Na danna demo, taga ta buɗe nan take. Na buɗe sudoku, na buɗe checkers, na buɗe editor, duk suna tashi kamar dama can a buɗe suke. Wallahi na daɗe ban ji daɗin wata manhaja kamar yadda na ji a daren nan ba. Na rubuta layuka kaɗan, taga ɗaya da maɓalli ɗaya, na ba da umarnin fltk-config --compile da sunan fayil ɗin, shi ke nan, ya nemo duk tutocin da g++, wato kompayilar da ke harhaɗa C++, ke buƙata da kansa, ya miƙo min manhaja mai aiki wadda girmanta bai kai na hoto ɗaya da aka ɗauka da waya ba.

Daga baya na fahimci dalilin wannan sauri. Bill Spitzak ne ya fara rubuta FLTK, lokacin yana aiki a Digital Domain, kamfanin haɗa siddabarun fina-finai a Amurka, kuma da shi aka yi fuskar Nuke, manhajar haɗa hotunan fim, a farkonta. An sake shi ga jama'a a 1998. Kwamfutocin wancan zamanin ba su da ƙarfin ɗaukar almubazzaranci, kuma har zuwa 1.4 masu kula da shi sun riƙe wannan tarbiyyar: C++ ne mai sauƙi na tsohon yayi, babu tulin tamfilet ɗin da ke sa kompayila ta shaƙe, babu wata manhaja ta daban da sai ta fara tauna kod ɗinka kafin a harhaɗa. Shi yake zana maɓallansa da kansa, abin da yake roƙo a wurin tsarin kwamfuta kaɗan ne, taga da alƙalamin zane da labarin abin da aka danna. Ko libpng da libjpeg da zlib ma, laburaren karanta hotuna da matse bayanai, yana tafe da nasa a ciki, in babu a na'urarka ya yi amfani da su. Shi ya sa Tiny Core Linux, da burauzar Dillo, da TigerVNC, da Fldigi na masu rediyon sha'awa suka dogara da shi.

Lasisinsa ma ya kwantar min da hankali. LGPL ne, lasisin buɗaɗɗen kod, amma da sassaucin da ya ba ka damar cusa laburaren cikin manhajarka kai tsaye ba tare da an tilasta maka sakin naka kod ɗin ba, illa dai ka ambata cewa ka yi amfani da FLTK. Amfanin wannan na gan shi a aikace. Na bi bayanin da ke cikin README.CMake.txt na harhaɗa zubin Windows daga kan Linux da mingw-w64, na fito da fayil ɗin exe guda ɗaya tak, na saka a filashi na kai shago. Babu girkawa, babu neman intanet. Yaya ya danna sau biyu ta buɗe.

To, yanzu ga inda murnar ta fara tsami.

Yaya yana da abokan ciniki da yawa daga ƙauye, kuma shi kansa almajiri ne, sunayen masu bashi da ajami ya saba rubuta su a littafinsa. Ya ce yana so manhajar ma ta karɓi ajami. Na ce ai babu damuwa, tun zubi na 1.3 da ya fito a 2011 FLTK yake aiki da UTF-8, tsarin adana haruffan kusan kowane irin rubutu. Na koma gida na saka sunan gwaji a kan laftof ɗina. Abin da ya fito ya ba ni haushi: haruffan a rarrabe, kowanne yana tsaye shi kaɗai, kuma sun jeru daga hagu zuwa dama. Babu almajirin da zai kalli wannan ya kira shi rubutu. Na canza fon, sai wata matsalar ta ɓullo, wani fon ɗin yana da baƙaƙen Larabci amma ba shi da ɗ da ɓ, wani yana da su amma ba shi da alamar ₦, duk inda harafi ya ɓace sai ka ga ɗan akwati a gurbinsa. Manhajar lissafin kuɗi a ce ba ta iya nuna naira!

Musabbabin yana can baya, tun lokacin cmake. Shi FLTK 1.4 a kan Linux yana iya aiki da Wayland da X11 duka biyun, wato sabon tsarin nuna tagogi a allo da tsohonsa, kuma idan an harhaɗa shi da Wayland to Pango ne ke zana masa rubutu. Pango shi ne mai haɗa baƙaƙen Larabci, mai juya su dama zuwa hagu, kuma mai aro harafi daga wani fon idan wanda ka zaɓa ba shi da shi. Amma idan cmake ya duba bai ga kayan Wayland a na'urarka ba, irin su libwayland-dev da wayland-protocols da libxkbcommon-dev, ba ya tsayawa. Sai ya rubuta sanarwa a cikin ɗimbin layukan da ke gudu a allo, ya koma X11 zalla, ya ci gaba abinsa. A X11 zalla kuwa Pango a kashe yake sai ka kunna da kanka, Xft ne ke zana rubutun, shi kuma harafi ɗaya bayan ɗaya yake ajiyewa daga fon guda. Wato wani ɓangare na saurin nan da ya faranta min rai, ashe an ajiye kaya ne a hanya.

Wannan tsarin bai yi min ba ko kaɗan. Ga mai rubuta Turanci zalla babu abin da zai taɓa lura da shi. Amma mu da rubutunmu ke da ƙugiya, da masu rubutu da baƙaƙen Larabci, da mutanen Indiya, mu ne za mu je mu yi karo da bango bayan mun gama gina komai. Gaskiya ne a ƙarshen cmake akwai taƙaitaccen jadawalin abin da aka kunna da wanda ba a kunna ba, amma wanda ya zo sabo ina zai san cewa kalmar Pango ce ke riƙe da harshensa? Da ma a ce a kunne yake tun asali, wanda ba ya so ya kashe.

Gyaran dai bai yi wuya ba. Na girka libpango1.0-dev, na share foldar build gaba ɗaya domin cmake yana riƙe tsohon sakamakon bincikensa a CMakeCache.txt, na sake kiransa da -D FLTK_USE_PANGO=ON. A nan kuma sai na sake jin daɗinsa, don sake harhaɗawa daga tushe ba abin tsoro ba ne, 'yan mintoci ne. Da wancan babban laburaren ne, sai mutum ya yi shawara da mai ba da wuta tukuna. Rubutu ya fito a haɗe, daga dama, ₦ ta fito, ƙ da ɗ da ɓ da ƴ duk suka zauna daram.

Sai dai nunawa daban, shigarwa daban. Gurbin rubutunsa, Fl_Input, an gina shi ne a kan cewa rubutu daga hagu yake tafiya. Ka buga ajami a ciki zai bayyana, amma sandar da ke nuna inda kake ba ta bin baƙaƙen daidai. Ka so ka goge harafi ɗaya a tsakiyar suna, sai ka rasa wanda za ta ɗauke. Wannan kam babu tutar cmake da ke gyara shi. Na nuna wa Yaya, ya gwada, ya ce "Ƙanena, bar shi, na rubuta da boko." Ya faɗa ne don kada in ji nauyi, amma abin ya tsaya min a rai, don na san ya fi sakewa da ajami.

Wata ƙaramar masifar kuma a Windows ta same ni. Fayil ɗin da manhajar ke adana lissafi na sa masa suna ƙididdiga.txt. A Linux lafiya lau. A shago ya ƙi buɗuwa, saboda fopen, umarnin buɗe fayil, a Windows ba ya ɗaukar sunan fayil a matsayin UTF-8. A nan kam FLTK ya kyauta, yana da fl_fopen da ke juya sunan zuwa abin da Windows ke ganewa, canjin kalma ɗaya ya wadatar. Haka kuma a kula da strlen, don bayit yake ƙirgawa ba haruffa ba: ƙ bayit biyu ce, ₦ uku, don haka in kana ƙirga haruffa don daidaita rasit, fl_utf_nb_char za ka kira.

Maganar kyau kuwa, kada a yaudari kowa, fuskarsa ta asali toka-toka ce irin ta shekarun 1990. Layi ɗaya, Fl::scheme("gtk+"), yana rage abin, akwai kuma gleam da plastic da sabon oxy, amma ba zai taɓa yin kama da sauran manhajojin Windows ba, tunda ba maɓallan Windows yake ara ba. Wannan kuma yana da wata illa da ta fi ta ado nauyi: manhajojin da ke karanta wa makafi abin da ke kan allo ba sa ganin abin da ke cikin tagar FLTK. Ga shagon Yaya wannan bai taso ba, amma wanda zai yi wa makaranta ko asibiti aiki ya sani tun kafin ya fara. Jera kaya a taga ma da lambobi ne, kowane maɓalli sai ka ba shi inda zai tsaya da faɗinsa da tsawonsa. Fl_Flex da Fl_Grid da suka zo a 1.4 sun sauƙaƙa wannan sosai, su ne ma dalilin da ya sa na nace sai sabon zubi. FLUID kuwa, inda ake jan maɓallai da linzami ya fitar maka da fayilolin .cxx da .h, ya yi min aiki ba tare da gardama ba.

Manhajar tana shago tana aiki, tana buɗewa kafin Yaya ya ɗauke yatsa daga linzami, kuma tsohuwar kwamfutar ba ta ko nishi. Idan wani ƙaramin aikin ya sake zuwa da rubutun boko zalla, FLTK zan ɗauka, kuma layin Pango ne farkon abin da zan rubuta. Amma wani malamin Islamiyya a unguwarmu ya ga ta shagon ya ce in yi masa irinta don rajistar ɗalibai da Larabci, na ce masa a'a, ba da wannan laburaren ba. Har yanzu ina neman laburaren da zai karɓi rubutun dama yadda ya kamata, kuma RAM giga 4 ta iya harhaɗa shi.