Ƙaramar kyamara: ta hawan Sallah daban, ta zauren biki daban

Wanda zai sayi ƙaramar kyamara a yau, kafin ya tambayi farashi ya fara duba wayar da ke aljihunsa. Ko matsakaiciyar waya ce, tana ɗaukar hoto mai kyau da rana muddin abin yana kusa. Kyamarar da ba ta fi wayarka a komai ba, kuɗinka kawai za ta ci. Irinsu kuwa sun cika kasuwannin intanet, babu sunan wani kamfani da aka sani a jikinsu, an dai rangaɗa 4K da 48MP a kwali, farashi kamar kyauta. A bar su a inda aka gan su.

A wuri uku kyamara ta gaske ke kayar da waya: zuƙo abin da ke nesa, ɗaukar hoto inda haske ya yi ƙaranci, da kama abin da ke gudu. Babu ƙaramar da ta haɗa ukun nan yadda rai ke so. Wadda ke zuƙo nesa sosai ba ta shan haske, wadda ke shan haske ba ta zuwa nesa. Don haka abin da zai raba maka gardama shi ne inda za ka riƙa tsayawa da ita, da lokacin da za ka riƙa ɗauka.

Dalilin yana cikin sensa, wato farantin da haske ke sauka a kansa a cikin kyamara. Masu dogon zum yawanci sensarsu ƙarama ce, faɗinta bai fi milimita 6 da ɗan ɗoriya ba. Wadda ake kira mai inci 1 tana da milimita 13.2 a 8.8, ta ninka waccan kusan sau 4 a fili. Sama da ita akwai APS-C, milimita 23.5 a 15.6, ita ma ta ninka mai inci 1 wajen sau 3. Iya girman sensa, iya tsabtar hoton dare. Sai lambar da ake rubutawa a bakin idon kyamara, irin su f/1.8 ko f/4.5. Idan lambar ta yi ƙasa, ƙofar haske ta buɗe ke nan. Waɗannan biyu su ne abin tambaya. Megafiksel kuwa, da mai kaya zai fara yi maka tallarsa, 20 ya ishe ka ka wanke hoto babba ka rataye a falo.

Mu fara da biki, don mafi yawan masu neman kyamara a nan Katsina saboda shi suke nema. Kamu a tsakar gida bayan la'asar, dina a zauren taro mai fitilu ja da shuɗi, kai amarya bayan isha'i a lungun da ba wuta. Duk wannan aikin haske ne, nisa bai shigo ciki ba. Canon G7 X Mark II ta 2016 da Mark III ta 2019 suna da sensa mai inci 1, zum daga milimita 24 zuwa 100 (ƙaramar lamba faɗi take ɗauka, babba kuma zuƙo nesa), da ƙofar haske f/1.8 zuwa f/2.8. Launin fatar da Canon ke fitarwa yana yi wa mutane daɗi ba tare da an taɓa hoton ba, kuma ɗan filashinta na sama shi ya sa 'yan mata suka yi mata caa a TikTok har ta yi tsada, ta hannu ma wani lokaci tana kamo farashin sabuwa, wanda dala 749 ne lokacin da Mark III ta fito. Rauninta shi ne a bidiyo takan yi ta laluben fuska kafin ta kama. Kishiyarta ita ce Sony RX100, amma a kula da lamba, don gidan yana da 'ya'ya da yawa tun daga 2012. Ta III da ta IV da ta V da VA su ne masu 24 zuwa 70 da f/1.8 zuwa f/2.8, su ne na biki. Ta V da VA sun fi saurin kama fuska. Ta VI da ta VII sun fi su tsada, amma a zauren biki ba su kai su ba, domin an rage musu ƙofar haske an ƙara musu nisa. Mutum ya ce a ba shi ta ƙarshen fitowa don ya huta, ya je dina ya tarar da hotunan amarya sun yi dishi-dishi.

Wani abu da ba kyamarar da za ta yi maka da kanta: ɗaurin aure da hantsi a ƙofar gida, maza sun sha farar shadda, rana tana dukanta. Kyamara za ta ga fari ya yi yawa ta rage haske, sai fuskoki su fito baƙi ƙirin, ba ka gane ango da abokinsa. Maganin shi ne ka ƙara haske da hannu daraja ɗaya, ko ka kunna filashi duk da rana ce. G7 X tana da ɗan zobe a sama na wannan aikin kaɗai, babban yatsa ke juya shi ba sai an shiga menu ba. A wurina wannan zoben ya fi ƙarin megafiksel goma amfani.

Hawan Sallah kuma wani abu ne daban. Ka samu wuri a gefen Ƙofar Soro, ƙofar fadar Sarkin Katsina, tun da wuri, amma dogarai ba za su bar ka ka matsa ba, jama'a sun yi katanga a gabanka. 'Yan bindiga sun saki harbi, hayaƙi ya gauraya da ƙura, ga ayarin hakimai ɗaya bayan ɗaya, sai kuma masu jahi su sako dawaki a guje su ja linzami a gaban sarki, hannu a sama. Tsakanin sakin doki da tsayar da shi 'yan daƙiƙu ne. Nan ne RX100 VII ta 2019 ke biyan kuɗinta, dala 1,200 a farkon fitowa. Zum ɗinta 24 zuwa 200 ne, tana ɗaukar hoto 20 a daƙiƙa ɗaya, kuma idan ta kama mahayi tana bin sa duk inda ya karkata. Ka sa saurin ɗauka a kan 1/1000 na daƙiƙa ko wanda ya fi haka sauri, in ba haka ba ƙafafun doki za su narke a hoton. Haske ba matsala ba ne a nan, rana ta wadata. Haka abin yake a Hawan Bariki, da Hawan Magajiya da Sallar Gani a Daura.

Wanda kuɗinsa bai kai nan ba, ya duba Panasonic Lumix TZ200 ta 2018, wadda a wasu ƙasashe ake kira ZS200. Ita ma inci 1 ce, zum ɗinta ma ya fi tsawo, 24 zuwa 360, sai dai ba ta da saurin Sony wajen bin abin da ke gudu. Rawani, alkyabba, lifidi da laima duk za ta fitar da su tas idan ayari na tafiya a hankali. Jahi ne za ka riƙa samu kana rasawa. Akwai kuma Canon SX740 HS, mai zuƙowa sau 40, har 960. A takarda ta fi kowa, kuma ta fi araha nesa ba kusa ba. Amma ƙaramar sensa ce, kuma idan aka zuƙo har ƙarshe ƙofar haskenta f/6.9 ce. Da rana za ta yi maka aiki, magariba na yi ka mayar da ita jaka.

Sannan a lura da maleƙa, wato ɗan ramin da ake kara ido a ciki. A ranar Katsina ta ƙarfe goma sha ɗaya, sikirin ɗin bayan kyamara fuskarka kawai yake nuna maka. RX100 daga ta III zuwa sama tana da maleƙa, TZ200 ma haka. G7 X da SX740 ba su da ita. Mai aikin cikin ɗaki ba zai damu ba, amma mai bin hawa zai gane kurensa.

Filin folo ya fi ƙarfin duk waɗannan, don faɗinsa. Shi da kallon tsuntsaye a bakin madatsar Zobe ko ta Jibiya, sai irin su Nikon P950 mai zuƙowa sau 83, har 2000, ko P1000 mai sau 125. Suna ma da saiti na musamman na ɗaukar wata da na tsuntsu. Amma waɗannan sun fita daga sahun na aljihu, P1000 ta haura kilo ɗaya, kuma sensarsu irin ƙaramar nan ce. Na ambace su ne kawai don kada a yi zaton ta aljihu za ta yi aikinsu.

Akwai masu son hoton gari don kansa: lungunan cikin birni, zanen soraye, Hasumiyar Gobarau, tsohon ginin Kwalejin Katsina, Rijiyar Kusugu, masu awo a kasuwa, karar shanu a Mai'aduwa. Su ake yi wa tallar Fujifilm X100VI ta 2024 da Ricoh GR III ta 2019. Dukansu APS-C ne, hotonsu ya kere na duk waɗanda na lissafa a baya, amma ba su da zum ko kaɗan, ƙafarka ce zum. Fujifilm tana kan 35, megafiksel 40, dala 1,599 lokacin da ta fito a 2024, kuma da fitowarta aka yi ta layi a kanta. Ricoh tana kan 28, tana shiga aljihun kaftani ba a ma san da ita ba, ba ta da filashi, batirinta bai wuce hoto 200 ba. A lungu mai matsi 28 ya fi 35, don Hasumiyar Gobarau ta kai kusan mita 15 kuma ba ko'ina za ka samu wurin ja da baya ba. Ni dai ba zan ba wanda zai sayi kyamararsa ta farko shawarar ɗaya daga cikinsu ba. Ranar da aka kira shi suna ko walima zai ji kamar an ɗaure masa hannu. Kuma kowace ka riƙe, ka yi sallama ka nemi izini kafin ka ɗauki mutum, musamman mata da dattawa, shingen jami'an tsaro kuwa kada ka ko ɗaga ta.

Hajiya mai sayar da atamfa, leshi, humra da turaren wuta a Instagram ko WhatsApp, ke bidiyo ya fi yi miki amfani. Sony ZV-1 ta 2020 don ke aka yi ta. Sikirin ɗinta yana juyowa ki ga kanki, tana da makirfo mai kyau da ɗan gashin tare iska, ga kuma wani saiti da idan kika ɗago kwalbar turare gaban kyamara zai bar fuskarki ya kama kwalbar nan take, kina saukewa ya dawo kanki. Ba ta da filashi ko maleƙa, don haka ba ta bin biki ba ce. Launin kaya kuwa, wanda shi ke jawo rigima da mai saye, hasken inuwar safe ne ke gyara shi fiye da kowace kyamara.

Yanzu ga abin da masu sharhin kyamara na Turai ba sa damuwa da shi, mu kuwa shi ne kan gaba: ƙura. Kusan duk waɗannan kyamarorin idonsu fitowa yake yi idan an kunna, ya koma idan an kashe, kamar zugazugin maƙeri, kowace fita da shiga yana shaƙar iska da abin da ke cikinta. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da hunturu ke busawa, garin ƙura yana samun hanya har kan sensa. Tunda ba a cire idon irin wannan kyamara, sharewa sai an kwance ta gaba ɗaya, mai iya wannan aikin kuma sai an nemo shi. Ricoh GR ta yi suna da wannan ciwon. Fujifilm tana jure ƙura ne kawai idan an saya mata zobe da gilashin kariya an ɗaura a gaba. Wadda ƙura ba ta yi wa komai ita ce OM System Tough TG-7 ta 2023, da yayarta Olympus TG-6, domin idonsu a rufe yake ruf, ba ya fitowa. Tana shiga ruwa har mita 15, tana jure faɗuwa daga mita 2, kuma tana ɗaukar abu daga nisan santimita 1. Malamin gona da ke son nuna tsutsa a ganyen masara ko ƙwaro a jikin wake, injiniya a wurin gini, ma'aikacin da ke yawon ƙauyuka a kan babur, ita ce tasu. Sai dai megafiksel 12 ce a kan ƙaramar sensa, hoton darenta bai fi na waya ba. Sauran kuwa a saya musu jaka mai zif da ɗan famfon hura iska, kada a jefa su tsirara a aljihu, kada a goge idonsu da bakin riga.

Zafi ma yana da nasa. Yawancinsu an yi su ne don aiki tsakanin digiri 0 da 40, mu kuwa a Afrilu da Mayu muna wuce nan. Hoto ba ya damuwa, amma bidiyon 4K mai tsawo yana sa su ɗau zafi su kashe kansu. Batiri kuma ƙanana ne, hoto 200 da wani abu sun ƙare, saboda haka a lissafa kuɗin batiri biyu tun farko. Na Sony shi ne NP-BX1, na G7 X kuma NB-13L, jabunsu sun yi yawa. RX100 da ZV-1 suna caji kai tsaye daga fawa bank, abin da zai yi maka rana idan an ɗauke wuta daren Sallah.

Da yawa za su ƙare ne a kan ta hannu, ko daga Kano ko a aiko daga Legas. Idan da hali kada ka biya sai ta shiga hannunka, ka je da memorinka. Ka kunna ka kashe sau da yawa kana saurare, idan idon yana ƙara ko yana tsayawa a hanya, ajiye ta. Ka zuƙo har ƙarshe ka dawo. Sannan ka sa lambar f a kan 8 ko 11, ka ɗauki farin bango ko sararin sama, ka buɗe hoton ka faɗaɗa shi lungu-lungu. Ɗigon da ya tsaya a wuri ɗaya cikin hoto biyu ko uku, ƙura ce a kan sensa, ko dai a rage maka kuɗin kwancewa ko ka nemi wata. Ka haska fitilar waya cikin idon ka duba ko akwai zare-zaren fumfuna, wanda kayan da suka daɗe a danshin kudu kan zo da shi. Ka kuma shiga menu ka tabbatar akwai Turanci, domin Sony da aka yi don kasuwar Japan da Japananci kaɗai suke zuwa, kuma babu inda za ka danna ka sauya.