Firamaren da ta karɓi Auta da kekenta: abin da na gani cikin shekara biyu

Tun da aka fara ganin Auta 'yata da yunifom a kan kekenta na guragu da safe, iyaye huɗu suka zo shagona a Aboabo, Kumasi, kuma ba ɗinki ya kawo su ba. Tambayarsu ɗaya: "Masta, makarantar nan da ka kai yarinyarka tana da kyau? In kai nawa?" Wannan ba amsar tsaye ba ce a bakin shago, keken ɗinki na gudu, yara masu koyon aiki na jira. Shi ya sa na zauna na rubuta. Ba zan kama sunan makarantar ba, domin akwai aibin da zan faɗa, mutanen cikinta kuwa sun yi mini alherin da ba zan so in kunyata su ba. Firamare ce ta gwamnati, irin waɗanda ke ƙarƙashin sashen ilimin Musulunci, ana boko ana Arabiyya, tafiyar minti 15 daga gidanmu in ana tura keke.

An haifi Auta a 2015. Kwana uku da haihuwa idanunta suka yi rawaya, tsofaffin gida suka ce shawara ce, a riƙa fito da ita hantsi. Kafin mu kai ta Gee, wato asibitin Komfo Anokye, shawarar ta riga ta taɓa ɓangaren ƙwaƙwalwa mai sarrafa motsin jiki. Ba ta tafiya, hannun dama ba ya bin abin da take so, magana na fita da ƙyar. Amma kanta garau yake. Fatiha da ƙananan surori daga bakin yayyenta ta ɗauke su, ba wanda ya zaunar da ita. A unguwa an kira ta 'yar ruwa, maƙwabtanmu Asante kuma suna da tasu kalmar, nsuoba, ma'anar ɗaya ce. Shekara 8 ta yi a tsakar gida tana kallon yara suna fita suna dawowa.

Na nemi makarantun musamman tukuna, kamar yadda kowa ke yi. Ta Garden City da ke Asokore Mampong ta yaran da larurarsu ta shafi fahimta ce. Ta Jamasi, kan hanyar Mampong, ta kurame ce. Na makafi suna Akropong da Wa. Yarinyar da ke gani, tana ji, tana fahimta, jikinta ne kawai ya ƙi, ba ta da gida a wannan rabon. Makarantun kuɗi biyu na gwada. Ɗaya ta ce ba ta da kayan aiki, a ɗayar mai makarantar ya ja ni gefe ya ce iyaye za su kwashe 'ya'yansu.

Wata ma'aikaciya a sashen motsa gaɓoɓi ce ta buɗe mini ido. Ta ce tun 2006 Ghana na da dokar masu nakasa mai lamba 715, wadda ta hana shugaban makaranta ƙin ɗaukar yaro don nakasarsa kawai, sai in hukuma ta auna shi ta tabbatar makarantar musamman yake buƙata. Dokar ba ta ƙyale mu iyaye ba ma: uban da ya ajiye irin wannan yaro a gida ya yi laifi. Sannan a 2015, shekarar da aka haifi Auta, gwamnati ta fitar da manufar ilimin bai-ɗaya, cewa kowane yaro ya yi karatu a makarantar unguwarsu tare da sa'o'insa, makaranta ce za ta gyara kanta ta dace da yaro. Na sa aka buga mini shafin a takarda, na ninke na sa a aljihu.

Ban ma fito da ita ba. Shugaban makarantar, dattijo ne mai sanyin magana, ya dubi Auta ya yi mata sallama, ya jira har ta gama amsawa, abin da baƙi da yawa ba sa iya yi. Ya ce, "Masta, kawo ta ran Litinin." A ƙarshen 2023 ke nan. Ba a karɓi kuɗin makaranta ba, yunifom kuwa ni na ɗinka, na sa masa zif a gefe don sauƙin sawa. Wajen ɗauka ba ni da ko ƙorafi ɗaya.

Abin da ya fi komai daraja a makarantar nan malamar aji ɗaya ce. Madam muke ce mata, 'yar Asante ce, Hausarta ta kasuwa, amma tana ƙoƙari. Ranar farko, kafin a shigo da Auta, ta tsaya ta yi wa yara bayani: rashin lafiya ce ta jarirantaka, ba a ɗauka, ba aljanu ba ne, kuma tana jin duk abin da kuka ce. Ta zaunar da ita a layin gaba, gefen hagu, yadda hannunta mai aiki zai samu fili. Bencin makaranta mai cin mutum biyu keke ba ya shiga ƙarƙashinsa, sai ta auna da kanta ta ba ni awon, na kai wa kafinta ya yi tebur mai tsayi da aka yanke wa ciki kamar rabin wata. Fensir yana suɓuce wa Auta. Madam ta ce, "Masta, ai kai tela ne, ka yi masa kauri." Na naɗe shi da soso na ɗinke da ƙyallen atamfa, ya zama kamar kaurin muciya ƙarama, ya zauna a hannunta. Lissafi da murafen kwalba suke yi, Auta tana tura su da bayan hannu. In an yi tambaya, Madam tana ɗaga kati uku, yarinya ta nuna amsa. In kuma magana ce, sai ta ɗaga hannu aji ya yi tsit, a jira. Wannan jiran shi ne abin da ban taɓa gani ba a wani wuri. Aji mai yara sama da 50, 'yan shekara shida da bakwai, a ce sun koyi yin shiru na rabin minti don kalma biyu su fito.

Akwai abin da ba zan manta ba. Auta tana dalalar da miyau, kuma makon farko ba yaron da ke yarda ya zauna kusa da ita lokacin abincin makaranta. Madam ba ta doki kowa ba, ba ta yi wa'azi ba. Ta ɗauko kwanon wake da shinkafa ta zauna, ta sa hannu suka ci tare, kwana uku a jere. A na huɗu 'yan mata biyu suka matso. Yau rigimar da ake yi a ajin ita ce wa zai tura keke, har sai da aka rubuta jerin sunaye a bango. Hajiya, mahaifiyata, wadda ta ce mini "kada ka kai ta inda za a yi mata dariya", ita ce yanzu ke raba wa ƙawayen ƙosai in sun rako ta gida.

Malamin Arabiyya bai sha wahala ba, domin karatunsa na kunne ne da hadda, kuma a nan Auta ta fi da yawa daga cikinsu.

Yanzu bari in zo kan abin da ke ci mini rai, wato bayan gida. Matakala uku ake hawa, ƙofa ƙunci, ciki rami ne na tsuguno. Yarinyar da ba ta tsayuwa yaya za ta tsuguna? Dokar 2006 ta ba gine-ginen jama'a shekara 10 su gyara, wa'adin ya cika tun 2016, amma wannan ginin yana nan yadda yake. Wata biyu da fara zuwa muka lura Auta ta daina shan koko da safe, gorar ruwanta tana dawowa cike. Da mamanta ta matsa mata, sai ta ce ba ta so ta ji fitsari a makaranta. Yarinya 'yar shekara 8 ta zaɓi ƙishirwa a zafin Kumasi don gudun kunya. Ƙarshenta ciwon mafitsara ya kama ta, mako biyu ba ta je aji ba. Tun daga nan mamanta ke barin tirenta kullum da ƙarfe 11 ta je ta ɗauke ta a kafaɗa ta kai ta, da kujerar ƙarfe mai rami da mai walda ya haɗa mana. Auta na ƙara nauyi, bayan uwar na ciwo, kuma budurci na tafe da nasa buƙatun. Ƙungiyar iyaye da malamai ta yi karo-karo an zuba gangaren siminti a ƙofar aji, Allah ya saka musu, sai dai maginin bai taɓa tura keken guragu ba, ya yi shi a tsaye har sai mutum biyu sun riƙe. Bayan gidan kuwa kullum "in kuɗi sun zo".

Aji biyu ya nuna mini inda gizo ke saƙa. Sabon malamin mutumin kirki ne, bai taɓa yi mata tsawa ba. Amma ya mayar da teburinta baya kusa da ƙofa don kada ya tare hanya, kuma a wurinsa wanda bai rubuta ba bai sani ba. Zango na farko takardar sakamako ta zo, Auta ce ta ƙarshe, alhali a gida tana karanta mini lambobin da ke jikin tef ɗin awo. An karɓe ta, tana zaune, ana kiran sunanta a rajista, amma ba a koyar da ita. Da na je, bai ɓoye ba: "Masta, a kwaleji an yi mana darasi kan irin waɗannan yara, amma a takarda. Ban san ta inda zan fara ba." Na ga gaskiyarsa. Abin da ya cece mu jami'ar ilimin musamman ce da ke zagaya makarantu, wadda ta yi karatu a jami'ar Winneba. Ta zauna da shi, ta rubuta tsarin koyarwa na Auta ita kaɗai, ta ce a riƙa yi mata jarrabawa da baki da kati, a ƙara mata lokaci. Zango na uku ta haura tsakiyar aji. Sai dai sau biyu muka ga jami'ar a shekarar, makarantun da ke wuyanta sun yi mata yawa. Madam ce ta ci gaba da ba shi dabaru a lokacin hutun tara, ba wanda ya sa ta, ba wanda ya biya ta. Ina jin tsoron ranar da za a yi mata canjin wurin aiki.

To ga amsata ga masu tambaya. In larurar ɗanka ta jiki ce, kuma akwai wanda zai iya leƙawa da rana, kai shi, kada ka ƙara ɓata shekara kamar yadda na ɓata biyu. Ka je da takardar asibiti, ka nemi ganin malamin ajin da kansa, ka shiga bayan gidan da ƙafarka. In keke ne matsala, ka je ofishin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukumarku, akwai kason da aka ware wa masu nakasa a asusun ƙananan hukumomi, ta nan muka samu namu bayan jira. Amma maƙwabcina mai ɗa kurma na ce masa ya fara zuwa Jamasi, domin a makarantarmu babu malami ko ɗaya mai yaren hannu, yaron zai wuni ne yana kallon leɓe. Ba na cikin masu cewa a rufe makarantun musamman. Manufar 2015 ma cewa ta yi su zama cibiyoyin da za su riƙa tallafa wa makarantun unguwa, kuma irin tallafin da malamin aji biyu ya rasa ke nan.

Auta tana aji uku yanzu. Azuzuwan huɗu zuwa shida a saman bene suke, matakala 18, na ƙirga. Shugaban makarantar ya ce in lokacin ya yi zai sauko da ajin ƙasa. Na yarda da shi, amma ya kusa ritaya, don haka na roƙe shi ya sa maganar a rubuce cikin littafin taron iyaye. Taron yana Asabar mai zuwa, kuma zan tafi da awon ƙofar bayan gida da kiyasin buhunan siminti da maginin unguwarmu ya yi mini.