Madubin hangen nesa 8x42, an ce ba ya gumi amma sanyi ya tona masa asiri

Na sayi madubin nan ne takanas saboda zuwa wurin shaƙatawa lokacin sanyi, don ni a wajena babu lokacin da ya kai shi daɗin kallon tsuntsaye. Bishiyoyi sun zubar da ganye, tsuntsun da lokacin zafi sai dai ka ji kukansa yanzu ga shi a fili kan reshe, har tsofaffin sheƙuna da ganye ya ɓoye duk sun bayyana, ga mutane sun ragu babu hayaniya.

Da farko wallahi ya burge ni. 8x42 ne, yana kusanto abu sau 8 kuma faɗin gilashin gaba milimita 42, to wannan faɗin shi ne amfaninsa da sanyi tunda yini gajere ne rana kuma ba ta ɗagawa sosai, amma ko da sassafe hoton na fitowa tas. Da shi na fara lura da yadda ƙananan tsuntsaye ke tayar da gashi su kumbura, iska suke tarewa a tsakanin gashin don riƙe ɗumi, tunda zafin jikinsu kusan digiri 40 ne. Na ga agwagi tsaye kan ƙanƙara hankalinsu kwance, ikon Allah, jijiyoyin ƙafarsu a manne suke da juna, jini mai ɗumi da ke sauka shi ke ɗumama mai dawowa kafin ya koma jiki.

To ga abin da ya ɓata min rai. Wata safiya tafkin wurin ya daskare sai ɗan gefen da ruwa ke shigowa, a nan na hango zalɓe tsaye ko motsi ba ya yi. Da sanyi kifi ƙasa suke komawa, saboda ruwa ya fi nauyi a digiri 4 shi ke kwanciya a ƙasan tafki yayin da sama ke daskarewa, don haka zalɓen ba ƙaramin jira zai yi ba, ni ma na tsaya ina jira tare da shi yatsuna sun sandare cikin safar hannu amma na ƙi sauke madubin. Daidai lokacin da ya fara miƙa wuya a hankali zai kai sara, sai hoton ya fara dishi-dishi, kafin ka ce me ya koma fari fat kamar an rufa masa ƙyalle. Na goge gilashin ido na goge na gaba, babu canji, ashe gumin daga ciki yake inda hannu ba ya kaiwa. Da ido kawai na hango ya tashi, ko ya kama ko bai kama ba oho.

Haba jama'a, a jikin kwalin fa ɓaro-ɓaro aka rubuta ruwa ba ya shiga kuma ba ya gumi, wai an cika shi da iskar naitirojin. In da gaske an cika shi an toshe, babu danshin da zai rage a ciki balle ya kwanta kan gilashi. Gumin numfashi a waje kowane madubi na yi, wannan ba laifi ba ne, amma na ciki alama ce akwai inda iska ke shiga.

Ba zan zalunce shi ba dai, da ya bushe ya dawo garau, da shi ma na ga ashe rassan da muke ɗauka sun bushe cike suke da ƙullin toho, tun kafin sanyi bishiya ta shirya su suna jiran ɗumi. Har na fara cewa a bar maganar.

Amma da na tuna amsar mai sayarwar sai raina ya sake ɓaci, wai ai sanyin ne ya yi yawa. To don me na saya in ba don sanyin ba? Ga abin murɗawa na tsakiya shi ma yana tauri in sanyi ya tsananta, da safar hannu da kyar yake juyawa. Kuma danshin da ke shiga yana fita shi ke jawo fumfuna a jikin gilashi nan gaba. Na ce su canza min ko su dawo min da kuɗina, har yanzu shiru, kuma ba zan ƙyale ba.