Motar da ta ɓoye hannun ƙofarta

'Yan uwa, na ga bidiyon nan da ake ta turawa a waya, na motar da hannun ƙofarta yake fitowa da kansa idan mai ita ya matso, ya kuma shige jikin ƙofar idan ya juya ya tafi. Ana ta sambarka, kowa na cewa Allah Ya ba shi irinta. A nan Jamus inda nake zaune motocin sun cika titi, kuma ɗaya daga cikinsu ce ta sa aka kira mini 'yan sanda a bainar jama'a, ina tsaye da dattijo marar lafiya. Bidiyon bai nuna wannan ɓangaren ba, shi ya sa zan ba ku labarinsa.

Kawuna ne ya zo jinyar ƙafa cikin hunturu. Ba ni da mota, kuma hawa da saukar jirgin ƙasa da sanda biyu a hammata ba abin da zan ɗora wa tsoho ba ne, sai na ɗauki hayar mota don kai shi asibiti. Yarinyar da ke kan teburi ta miƙo mini ɗan rimot, ta ce in jefa a aljihu in manta da shi, motar za ta gane ni. Iyakar bayaninta ke nan. Gaskiya da safen abin ya burge ni. Hannuna ɗaya yana riƙe da Kawu, ɗayan yana ɗauke da jakar takardunsa, muna matsowa fitilu suka kama, hannayen ƙofa huɗu suka zamo waje a hankali ba ko ƙara. Ban ajiye jaka ba, ban saki tsohon ba, ban laluba aljihu ba. Kawu ya tsaya yana kallo, ya ce, "Ikon Allah! Ɗana, ta san ka ne?" Duk wanda ya taɓa tsayawa da kaya niƙi-niƙi yana neman makulli ya san wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Mun wuni a asibiti. Kafin mu fito an yi irin ruwan nan da yake daskarewa da zarar ya taɓa ƙarfe, duhu kuma ya riga ya shiga. Muka iso wurin mota, shiru. Fitila ba ta kama ba, hannu bai fito ba. Na danna rimot, na ja da baya na sake matsowa, na zagaya ɗaya gefen, na ɗora rimot ɗin a jikin gilashi. Ƙofar nan sumul kamar ƙwai, ba inda yatsa zai kama. Ina ganin zanen hannun a ƙarƙashin ƙanƙara, na sa farce ina ƙoƙarin ɓanɓaro shi, na buga da tafin hannu, na durƙusa ina haska gefen ƙofar da fitilar waya. Kawu yana jingine da bango, sanyi yana kaɗa masa haƙora, rigar sanyinsa mai kauri kuma tana kan kujerar baya muna hangen ta.

Ashe wata mata tana kallona daga motarta. Na ga ta ɗaga waya, na ɗauka hira take yi. Ba a jima ba sai ga motar 'yan sanda.

Ba su yi mini tsawa ba, ba su taɓa ni ba, wannan zan faɗa saboda Allah. Amma sun ce in matsa daga jikin motar, in fitar da hannuwana daga aljihu, in ba da takardar zama, in kuma nuna shaidar cewa motar a hannuna take. Takardar hayar tana cikin motar. Masu fitowa daga asibiti suna rage tafiya suna leƙe. Kawu ba ya jin Jamusanci, fuskokinsu kawai yake karantawa, ya ce da rawar murya, "Ɗana, me ka yi musu?" Na ce, "Ban yi komai ba, Kawu, motar ce ta ƙi buɗewa." Da ƙyar yatsuna suka iya lalubo kwafin yarjejeniyar a waya. Suka duba, suka ba ni haƙuri, ɗayansu ma ya sa Kawu a motarsu ya ji ɗumi. Sai dai haƙurin bai goge tsayuwar da na yi ba, a gaban ƙanin mahaifiyata, wanda ya zo yana alfahari cewa ɗansa yana Turai yana aikin mutunci. Har yau idan na tuna sai in ji zuciyata ta yi zafi, kuma ba a kan matar kaɗai ba. Wanda ya zauna ya ƙera ƙofar da mai haƙƙinta sai ya yi kama da ɓarawo kafin ya shiga, shi ma yana da kasonsa.

A wannan tsayuwar na yi kewar gida yadda ban taɓa yi ba. Can, mutum ya tsaya jikin mota yana fama da ƙofa, kafin ya ɗago an kewaye shi. Wani ya ce sannu, wani ya kawo shawara, wani ya ruga kiran mai gyara, wani ya nemo wa tsoho wurin zama. Rabin shawarar ba ta da amfani, amma ba wanda zai bar ka kai kaɗai, ba kuma wanda zai fara da zaton sata. Nan kowa ya wuce da kansa a sunkuye.

To amma abin da ya biyo baya, shi kuma ba mu da shi. Na kira lambar agaji da ke jikin yarjejeniyar, aka ɗauka, aka tambayi lambar motar, aka faɗa mini lokacin da mai taimako zai iso, kuma a lokacin ya iso. Mutumin bai yi kame-kame ba. Ya dunƙule hannu ya bubbuga kewayen hannun ƙofar direba da gefen hannunsa har ƙanƙarar ta tsage, ya danna ƙarshen hannun ɗaya da babban yatsa, ɗaya ƙarshen ya leƙo, ya jawo shi. Ashe ramin makulli yana ɓoye a bayansa. Ya karɓi rimot ɗina, ya zame wani ɗan maɓalli a gefe, ya zaro siririn makullin ƙarfe daga ciki, ya murɗa, ƙofa ta buɗe. Ya ɗaga bonet ya sa abin awo, ya ce ƙaramin batirin ne ya mutu, da ma ya tsufa, sanyi ya ƙarasa shi. Ya jona masa wuta, hannayen nan huɗu suka zamo waje kamar ba abin da ya faru. Washegari kamfanin ya canza mini mota ya kuma cire kuɗin ranar ba tare da na yi rigima da kowa ba.

A bakinsa na fahimci abin da ya kamata a ce yarinyar teburi ta faɗa mini. Motar ta lantarki ce, tana da wuta cike a babban batirinta, wanda zai kai mu wani gari ya dawo da mu. Amma ƙofofi, fitilu da kwamfutar motar duk a kan ƙaramin batir mai ƙarfin bolt 12 suke, irin dai wanda muka sani a kowace mota. Idan ya mutu, kunnen da motar take jin rimot da shi ya toshe, ɗan injin da yake turo hannun waje ya tsaya. Ya ce ma na yi sa'a, don akwai motocin da ba su da ramin makulli ko ɗaya. Su sai an ɓalle wani ɗan murfi a bamba ta gaba, a jawo wayoyi biyu a ba su wuta daga waje, bonet ya buɗe, sannan a kai ga batirin.

Shi buɗe mota daga nesa ba sabon abu ba ne. Tun 1982 Renault ta sa rimot a motarta Fuego, kuma a ƙarshen shekarun 1990 Mercedes ta kawo tsarin da ba sai ka danna komai ba. Motar ce take aika ɗan siginal marar nisa, kamar taku biyu, rimot ɗin aljihunka ya ji ya amsa da lambar sirri, ƙofa ta saki. Hannu mai shigewa kuwa Tesla ce ta yayata shi da Model S a 2012, Range Rover ta biyo da Velar a 2017, daga nan kowa ya kwaikwaya, musamman masu ƙera motocin lantarki. Hujjarsu ita ce ƙofa mai sulɓi tana rage turjiyar iska, batir ya ƙara nisa. A ganina ribar ba ta taka kara ta karya ba. Kwalliya ce ta sayar da shi.

Zaton da matar nan ta yi ma yana da tushe, ko da yake ni ya faɗa wa. Satar irin waɗannan motoci ta zama ruwan dare a Turai, kuma ba a fasa gilashi. Ɓarayi biyu ne: ɗaya ya tsaya jikin mota da wata na'ura, ɗaya ya tsaya ƙofar gidanka da tasa. Na'urorin suna ɗauko kiran motar su kai wa rimot ɗin da ke rataye a falo, su mayar mata da amsa, ita kuma ta ɗauka maigidanta ne ya iso. Ƙungiyar masu motoci ta Jamus, ADAC, ta shafe shekaru tana gwada ɗaruruwan motoci da wannan dabara, kuma mafi yawansu sun buɗe har sun tashi. Shi ya sa za ka ga mutum a nan yana ajiye rimot cikin gwangwani ko wata 'yar jaka mai toshe siginal. Sababbin rimot wasu suna yin barci idan an ajiye su ba motsi, wasu motocin kuma suna auna nisan rimot ɗin da gaske kafin su yarda.

Sata dai dukiya ce. Abin da ya fi tayar mini da hankali rai ne. A watan Yunin 2025 Ford ta nemi a maido mata motocin Mustang Mach-E kusan 197,000 a Amurka domin gyara, saboda ƙofa tana iya kullewa idan wutar ƙaramin batir ta yi ƙasa, alhali akwai yaro a kujerar baya. A Satumbar shekarar hukumar kula da lafiyar motoci ta Amurka, NHTSA, ta buɗe bincike kan Tesla Model Y wajen 174,000, bayan iyaye sun kai ƙorafin sun fita don ɗauko yaro a baya ƙofa ta ƙi buɗewa, har wasu sai da suka fasa gilashi. A Oktoba kuma wata mota ta yi hatsari ta kama wuta a birnin Chengdu na ƙasar Sin, jama'a suka taru suna ja suna duka, ƙofa ba ta buɗe ba, direban ya rasu a ciki. Ƙasar Sin ɗin da ta fi kowa ƙera motocin lantarki ita ce ta fara taka burki: daga 1 ga Janairun 2027, sabuwar motar da za a amince a sayar a can dole ƙofarta ta kasance da hannun da yatsu za su kama, wanda yake buɗewa da ƙarfin mutum ciki da waje ko babu wuta.

Yanzu ku dubi halinmu. Motocin nan da masu su suka fara gudu, ina za su ƙare? Wurinmu za su zo, na hannu, bayan sun sha shekaru, wasu sun yi hatsari, wasu ruwa ya ci su. Za su zo da rimot ɗaya tak, sau da yawa ma an zare makullin ƙarfen cikinsa ya ɓace a hanya, ba littafin bayani, ba lambar da za ka kira. Mu kuma ba ma tambaya. Mutum zai zagaya mota yana shafa fenti, ya kunna kiɗa, ya sa a nuna masa fitar hannun ƙofa sau biyar yana ɗauka a waya, amma ba zai ce a cire kan batir ya ga yadda zai shiga ba. Batir kuwa mun saba lallaɓa shi har sai ya mutu murus, yau a jona gobe a tura. Wannan ɗabi'ar tana tafiya da tsohuwar mota, wadda ko batirinta ya mutu za ka buɗe ka zauna. Da wannan, kana waje ne, kuma idan yaronka yana ciki cikin zafin rana, minti kaɗan ya ishi a yi kuka. Ga ƙura da za ta riƙa shiga ramin hannun tana cin ɗan injin. Ga mai wayarin da bai taɓa ganin irinta ba, amma ba zai ce bai iya ba, zai yanke waya ya haɗa kai tsaye ya ce an gama. Na san akwai masu gyara a cikinmu da Allah Ya ba su kai, waɗanda da za a ba su na'urar duba kwamfutar mota da zanen wayoyinta da sun fi na nan. Mu masu motocin ne ba ma son biyan mai ilimi, mun fi son mai araha.

Ko wannan taruwar tamu da nake kewa, a wurin hatsari da hannun ƙofa take amfani. Mutum biyu su kama su fizga, a jawo wanda ke ciki. Idan ba abin kamawa, taron ba zai yi komai ba sai salati, kuma masu kashe gobara da almakashin yanka ƙarfe ba kusa suke ba.

Daga ciki ma ba a tsira ba. Da yawan motocin nan maɓalli ake dannawa a fita, shi ma da wuta yake aiki. Akwai abin ja na gaggawa, amma kowane kamfani da inda ya ɓoye nasa. Na gaba yakan kasance kusa da maɓallan gilashi. Na baya a wasu motocin sai ka ɗaga shimfiɗar robar da ke cikin aljihun ƙofa, ka ɓalle wani murfi, sannan ka tarar da igiyar da za ka ja. Kujerar baya kuwa ita ce mazaunin yara da tsofaffi. Duk wanda ya ƙudura sai ya sayi irin wannan mota, ya sa dillalin ya cire kan batir a gabansa, ya buɗe ta daga waje da makullin ƙarfe, sannan ya shiga baya ya rufe ya fito da kansa. Idan dillalin ya kasa, ya bar masa motarsa.