Wane Littafi Za Ka Saya Idan 'Yan Wasanka Sun Ce Shago Za Su Buɗe?

Duk wanda ya taɓa jagorantar wasan kwaikwayo na kan tebur, inda jagora ke ba da labari kowane ɗan wasa kuma yana taka rawar jarumi ɗaya, a tsakanin samarin Hausawa mazauna Legas ya san cewa ba a daɗewa kafin zancen ciniki ya shigo. A teburinmu na Agege, inda rabin masu wasan 'ya'yan 'yan kasuwa ne da suka tashi a rumfa, ranar da jaruman labarin suka tsinci takobi mai sihiri a wani kango babu wanda ya nemi sanin irin saran da yake yi. Abin da aka fara tambaya shi ne nawa za a taya, kuma ina dillalin garin yake. Kafin a yi zama uku an yanke shawarar kama shago a cikin labarin, ni kuma da nake jagora sai na ga littafin da ke hannuna bai tanadi amsar rabin tambayoyinsu ba. Ga wanda bai saba ba, sihirin da ake nufi a nan na tatsuniya ne, wanda ba ya wuce takarda da fensir da 'ya'yan ludo masu fuska da yawa, kuma kuɗin ma sulallan zinariya ne na ƙage. Kuɗin littafin ne kawai na gaske, shi ya sa ya kamata a san abin da ke cikinsa kafin a biya.

Yawancin masu farawa da Dungeons & Dragons suke farawa, wasan da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a 1974, wanda yanzu yake hannun kamfanin Wizards of the Coast. Littafin jagora na bugu na biyar, wato Dungeon Master's Guide na 2014, ya kasa kayan sihiri gida biyar gwargwadon wahalar samunsu, kuma bai yanka wa kowanne farashi ba, sai dai ya ba da tazara: na gama-gari daga zinariya 50 zuwa 100, na sama da shi daga 101 zuwa 500, mai wuyar samu daga 501 zuwa 5,000, mai matuƙar wuya har zuwa 50,000, sannan na almara abin da ya haura haka. Marubutan sun ɗauka cewa irin waɗannan kaya ba a baje su a kasuwa, don haka mai sayarwa sai ya ɓata kwanaki yana neman mai saye, ya jefa ɗan ludo domin a ga ko ya dace, sannan a sake jifa a ga tayin da za a yi masa. Tayin na iya faɗuwa har kashi ɗaya cikin goma na darajar kayan, yana kuma iya kaiwa ninki ɗaya da rabi, amma daga hannun mutumin da ba a yarda da shi ba, wanda ba ya tambayar inda aka samo haja. Wannan ɓangaren yana da daɗi a tebur, domin duk wanda ya san kasuwa ya san irin wannan mai sayen.

Inda littafin ya gaza shi ne a shagon kansa. Ya ce kula da shago yana cin zinariya 2 a rana, har da ma'aikaci ɗaya, kuma idan ɗan wasa ya zauna a shagon sai ya yi jifar da ke fitar da lamba daga 1 zuwa 100 ya ƙara yawan kwanakin da ya yi, iyakarsu 30. Sakamako mafi kyau shi ne jifar 'ya'yan ludo uku masu fuska 10 a ninka da biyar, wato riba ba za ta wuce zinariya 150 ba ko da an yi wata guda cur ana zaune. Abin da ya fi damuna shi ne lissafin ribar ɗaya ne ga mai tebur a bakin titi da mai katafaren kanti, alhali kuɗin da suke kashewa ba ɗaya ba ne. Wani ɗan wasanmu da ke tsare wa mahaifinsa rumfa a Mile 12 ya duba jadawalin sau ɗaya ya ce wanda ya rubuta shi bai taɓa biyan kuɗin haya ba, kuma ban sami abin da zan kare marubucin da shi ba. Wanda yake da wannan littafin ya riƙe abinsa, amma wanda zai saye shi saboda shago kaɗai ya dakata.

Xanathar's Guide to Everything, wanda ya fito a 2017, shi ne na fi ba da shawara ga masu amfani da dokokin 2014, kuma dalilina ba farashin da ya jera ba ne. A cikinsa neman kayan saye yana cin mako ɗaya na aiki da zinariya 100, neman mai saye kuma mako ɗaya da zinariya 25. An yanka farashin tushe na sayarwa ga matakan kayan nan biyar: 100, 400, 4,000, 40,000 da 200,000, sannan iya bakin mai sayarwa ne ke yanke ko za a ba shi rabi, ko cikakke, ko ninki ɗaya da rabi. Sai dai duk wanda ya zauna ya yi lissafi zai ga cewa an toshe hanyar sari da gangan. Kaya na mataki na biyu matsakaicin farashin sayensa 350 ne, idan aka haɗa da 125 na zirga-zirga ya zama 475, alhali farashin sayarwa 400 ne, sai in an yi sa'ar tayi mafi tsoka na 600. A mataki na uku abin ya fi muni, domin matsakaicin saye 11,000 ne, mafi girman tayi kuma 6,000. Ma'ana shagon da zai tsaya da ƙafarsa a wannan tsari sai wanda hajarsa ke fitowa daga abin da jaruman suka samo da kansu a tafiye-tafiye, ko abin da suka ƙera, kuma ina ganin hakan daidai ne, tunda in ba haka ba kowa zai ajiye takobi ya zauna kan benci yana jiran ciniki.

Ainihin amfanin littafin yana cikin abin da ya tanada na abokan hamayya da matsalolin da ke biyo bayan ciniki. Kayan da aka sayo na iya zama na sata, ko jabu, ko wanda wani babban mutum ya daɗe yana nema, kuma mai sayen da aka sallama wa na iya komowa da rigima. Wannan shi ne abin da 'yan wasa masu jinin kasuwa suke so, domin a wurinsu ciniki mutane ne: dillalin da ke neman la'ada ta ɓangare biyu, maƙwabcin rumfa da ke karya farashi, yaron shago da ya fara taɓa aljihun tebur, da attajirin da ya ɗauki kaya bashi ya ce sai bayan salla. Littafin bai rubuta waɗannan da sunayensu ba, amma ya ba jagora ƙashin da zai ɗora musu nama.

Sabon Dungeon Master's Guide na 2024 ya ɗauki waɗancan lambobi na 100 zuwa 200,000 ya mayar da su darajar kowane mataki, abin da ya rage gardama a tebur. Ya kuma zo da tsarin mallakar sansani, wanda jarumi ke samu idan ya kai mataki na 5 na girmansa a wasan, inda ake ba ma'aikata umarni duk bayan kwana bakwai. Daga cikin ɗakunan da ake iya zaɓa akwai ɗakin ajiya wanda ma'aikacinsa ke saye da sayarwa, ribarsa na farawa daga kashi 10 cikin ɗari tana ƙaruwa yayin da jarumin ke girma, sai dai hajar da yake juyawa ba ta sihiri ba ce. Tsarin ya dace da teburin da ke son shago ya riƙa tafiya a bayan fage yayin da ake can ana fafatawa da dodanni. Wanda zai fara sayen littattafai yau daga tushe, wannan bugun ya fi masa, tunda shi kamfanin ke ci gaba da ginawa a kai.

Akwai wasu biyu da ake yawan ambata, kuma ban ga dalilin gaggawar sayensu ba. Waterdeep: Dragon Heist na 2018 labari ne na mataki na 1 zuwa na 5 wanda a cikinsa ake ba jaruman wani tsohon gini su gyara su mayar da shi mashaya, tare da kuɗin gyara da na ƙungiyoyin sana'a. Mu mun mayar da ita gidan abinci da shayi, kuma babu abin da ya ragu, amma ribar tana komawa ne ga wancan jadawalin na 2014. Acquisitions Incorporated na 2019 kuwa ya ginu ne a kan barkwancin ofisoshin kamfanonin Amurka, wanda ba lallai ya ba kowa dariya a nan ba. Idan abin da ake so duniya ce da sayar da ƙananan kayan sihiri ya zama sana'a kamar kowace, Eberron: Rising from the Last War na 2019 ya fi su amfani, domin a can akwai gidan Cannith da ya riƙe harkar ƙira, akwai kuma ajin jarumi maƙeri.

Babban abokin takara shi ne Pathfinder bugu na biyu, na kamfanin Paizo, wanda ya fito a 2019 aka kuma sabunta shi a 2023. A nan kowane kaya yana da farashinsa da matakinsa a rubuce: ƙaramin maganin warkarwa zinariya 4, hatimin da ke ƙara wa makami daidaiton sara 35, wanda ke ƙara masa ɓarna 65. Girman gari ne ke nuna irin kayan da za a samu a kasuwarsa, abin da aka sayar kuma rabin farashi ake biya, sannan zaman shago yana shiga ƙarƙashin dokar neman kuɗi, inda wanda ya sami horo a aikin mataki na 1 ke samun azurfa 2 a rana, abin yana hawa da mataki da ƙwarewa. Wannan ya yi kama da kantin zamani mai farashi manne a jikin kaya. Jagoran da ba ya son a tsare shi da gardamar farashi zai huta, amma teburin da ke jin daɗin taya da albarka zai ga an rage masa gishiri, sai in jagoran ya ƙara da hannunsa. Fa'idar da babu mai musunta ita ce dokokin suna nan kyauta a shafin Archives of Nethys da amincewar kamfanin, don haka ana iya gwada wasan wata da watanni ba a kashe ko sisi ba in ban da kuɗin data.

Batun kuɗi a Legas ya wuce abin da aka buga a bayan littafi. Manyan littattafan Dungeons & Dragons kusan dala 50 ne kowanne a Amurka, kuma masu bango mai tauri ne, masu nauyi, ga kuɗin jigila, ga canjin dala, ga abin da ka iya tasowa wajen shigo da kaya. Na taɓa jiran wani littafi sama da wata biyu ta hannun wani mai kawo kaya, da ya iso kuma laima ta riga ta kumbura gefensa, saboda haka wanda ya sayi na takarda ya nema masa leda da wuri busasshe tun kafin damina. Wizards of the Coast ba ya sayar da waɗannan littattafai a matsayin fayil ɗin PDF, sai ta dandalin D&D Beyond, yayin da Paizo ke sayar da PDF da kuma ƙananan bugu masu bango mai laushi da suka fi araha. Akwai kuma taƙaitattun dokokin bugu na biyar da aka saki ƙarƙashin lasisin Creative Commons a 2023, waɗanda ke ɗauke da jerin kayan sihiri masu yawa, kuma su halal ne a kai wa masu ɗab'i na Shomolu su buga su ɗinke. Littafin da ake sayarwa kuwa ba a yi masa haka.

Idan teburinku ya riga ya saba da dokokin 2014, ku haɗa kuɗi ku sayi Xanathar guda ɗaya ya zauna a hannun jagora, domin shafukan da ake buƙata ba sai kowa ya mallake su ba. Idan yanzu za ku fara kuma aljihu bai yi nauyi ba, ku gwada Pathfinder a waya tukuna, ku sayi saitin 'ya'yan ludo bakwai kawai. A kowane hali akwai abin da za ku ƙara da kanku, wato littafin lissafi irin na 'yan makaranta da za a riƙa rubuta haja da bashi da kwantai a ciki. Namu yana hannun ɗan Mile 12 ɗin nan, kuma a zaman da ya wuce shi ya gano cewa dillalin garin ya ci la'ada sau biyu a kan zobe ɗaya.