Conn 62H ta Elkhart ko Bach 50B2: amsa ga mai neman tsohuwar bas tirombon

Ɗan'uwanmu da ke busa a badujala ya ce an yi masa tayin bas tirombon (babban ƙahon tagulla mai kaurin murya da ake busawa ana jan bututunsa) biyu na hannu daga Amurka, tsohuwar Conn 62H da Bach 50B2, kuɗinsu kusan ɗaya, yana tambaya wacce zai ɗauka. Malam, ga yadda nake ganinsu.

A takarda kusan abu ɗaya ne. Faɗin bututun kowacce inci 0.562 ne, bakin da sauti ke fita inci 9.5, kuma kowacce tana da bawul biyu (maɓallan da ake dannawa su karkata iska cikin ƙarin bututu don sauti ya yi ƙasa), na biyun a ɗore kan bututun na farko, wato ba ya aiki sai ka riga ka danna na farkon. Dalilin bawul na biyun kuwa sananne ne: mai bawul ɗaya na F ba ta ba ka sautin B na can ƙasa sai ka tsaya ka zaro bututun bawul ɗin zuwa E, kuma ba kowace waƙa ce za ta jira ka ba. Sai an ɗora su a kafaɗa an hura ake gane ba ɗaya ba ne.

Conn ta fito da 62H a ƙarshen shekarun 1960 a masana'antarta ta Elkhart, jihar Indiyana, ba a kuma jima ba, wajen 1971, aka kwashe aikin zuwa Abilene ta Teksas. Shi ya sa ta Elkhart ta asali ba ta da yawa, masu ita ba sa son saki. Bakinta na jar tagulla ne, marar kauri, amma babban sirrinta wurin saita sauti. A jikin silaid ɗin hannu, wato dogon bututun da ake ja ana turawa, aka sa shi, ba a bayan kai ba kamar sauran. Saboda haka bututun baya yana buɗewa a hankali tun daga wuya har baki ba tare da an yanke shi ba. Abin da kunne ke ji shi ne sauti mai ɗumi da launi, kana hurawa kaɗan ta amsa, in ka matsa mata kuma ta yi kaifi da wuri. Irin muryar da mai busa bas tirombon George Roberts ya shahara da ita ke nan a ɗakunan naɗar sauti na Los Anjalis, ko da yake shi da yayarta, Conn 70H mai bawul ɗaya, aka fi saninsa.

Daɗin nan yana da farashi. Kayan saitin da ke kan silaid suna ƙara masa nauyi a hannun dama, kuma in ya lanƙwashe ba kowane mai gyara ne zai iya miƙe shi ba. Sannan ramin mabusarta tsohon ƙirar Conn ne da ake kira Remington: ka sa mabusar zamani irin Bach 1½G, za ka ji tana ɗan girgiɗi, ba ta zauna daram ba. Ka kuma kula, akwai sabuwar 62H da aka dawo da ita daga baya, mai saiti a bayan kai. Suna ɗaya ne kawai, kada a sayar maka da ita a kuɗin tsohuwa.

Ita Bach, Vincent Bach, haifaffen Baden kusa da Biyana, ne ya kafa kamfanin a Niyok, ya koma Mount Vernon a 1953, ya sayar wa kamfanin Selmer a 1961, daga baya aikin ya koma Elkhart shi ma. Bakinta daga falle ɗaya ake buga shi, galibi rawayar tagulla. Sautinta ya fi duhu da nauyi, tana ɗaukar iska mai yawa ba ta fashe ba, abin da ya sa ta zama ta 'yan okestira. Ƙorafin da aka daɗe ana yi a kanta shi ne bawul ɗinta na asali suna da matsi, musamman in ka danna biyun tare. Da yawa an cire su an sa na Thayer, irin bawul da ke barin iska ta wuce a sake, to ka tambaya tukuna. Kuma Bach biyu masu lamba ɗaya kan bambanta ƙwarai, wata zinariya, wata sai haƙuri.

Da a ce aikinka ɗakin naɗa ne ko ƙaramin rukunin jaz, 62H zan ce ba tare da jinkiri ba, don ni dai muryarta ta fi shiga raina. Amma kai a fili kake busa, cikin rana da ƙura, gefen tuba da ganguna, kuma masu gyaran irin waɗannan kaya ba su da yawa a wajenmu. Har yau ana ƙera Bach 50, don haka silaid ko wani ɓangare in ya lalace akwai na sauyawa. Na tsohuwar Conn kuwa sai an yi farautarsa.

Kafin ka tura ko sisi, ka sa mai sayarwa ya zaro silaid ɗin ciki ya ɗauki hotonsa kusa-kusa. Ka dubi ƙarshen bututun biyu inda suka ɗan fi kauri: in farin rufin ya ci har tagulla ta leƙo, gyara mai tsada na jiran ka. Ka dubi na waje ko akwai jajayen ɗigo-ɗigo, alamar ƙarfen ya fara ruɓa daga ciki. Ya kuma yi maka bidiyo yana jan silaid ɗin a hankali daga matsayi na ɗaya zuwa na bakwai. In na Bach ɗin lafiya yake, ɗauke ta.